Yinin da Mainasara Ya Yi a Rumbun Gandu

A Sabuwar Ɗinya, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Tiga da Bebeji, Mainasara biyu ne. In baƙo ya zo ya ce gidan Mainasara yake nema, sai a tambaye shi, "Mai ɗinki ko na rumbu?" Mai ɗinkin ba ruwanmu da shi yau. Na rumbun shi ne wani kakkauran dattijo mai furfura a gefen gemu, wanda a bazarar bara ya shiga rumbun gidansu da hantsi da ƙafarsa, bai fito ba sai da rana ta yi sanyi. Ga igiya a gidan, ga tsani a jingine, ga mutane suna ta kai da komo. Ba suma ya yi ba, ba kuma aljanu suka riƙe shi ba. Doka ce ta riƙe shi, dokar kuwa shi ya kafa ta da bakinsa.

Asalinsu mutanen Tsohuwar Ɗinya ne, wadda yanzu kifi ke kwana a masallacinta. Da aka datse ruwa a Tiga, aka kwaso su da jakunansu da turamensu aka kawo su kan wannan tudu, aka auna wa kowane gida fili. Mahaifinsu, Malam Inuwa, bai ga tashin ba, ya rasu kafin ruwa ya iso. Mutanen garin kan ce ya yi wayo. Ya bar gandu ɗaya da 'ya'ya maza uku: Mainasara babba, sai Alasan, sai autansu Shitu. Ya kuma bar ƙanwarsa, Gwaggo Saude, wadda ta yi aure ta gaji ta dawo gida da mazarinta. Idonta ya fara hazo, amma kunnenta har tafiyar kiyashi yana ji.

Gandun uba ba shi da wuya. Uba ya ce a fita, a fita. Da safe kowa yana gonar gida, da yamma kowa ya koma gayaunarsa. Uba ya biya haraji, ya sayi fartanya, ya yanka ragon suna, ba mai tambayarsa dami nawa ya shiga rumbu balle nawa ya fita. Gandun wa da ƙanne kuwa wani abu ne daban. Maganar da uba zai faɗa a ce masa "to," in wa ya faɗe ta sai a ce masa "don me?"

Sabon wurin ya ƙara dagula lamarin. Alasan, wanda ba ya magana sai ta kama dole, ya shiga cikin masuntan da suka zo daga nesa, ya koyi su, ya yi kwalekwale. Shitu ya ga ruwan da ake sakowa ta magudana, hankalinsa ya koma kan tumatir da noman rani. Mainasara dai dawa da gero ya sani, su ya gada, su yake jin zai mutu a kai. Sa'ad da yake neman hannu a gona, ɗaya yana tsakiyar ruwa yana jan koma, ɗaya yana jiran a sakar masa ruwa a fangalinsa. Wata rana ma Shitu ya hau rumbu ba sallama, ya ɗebi dawa ya sayar ya sayo takin zamani. Aka yi cacar baki har maƙwabta suka leƙo ta saman danga.

Abin da Mainasara yake tsoro yana gani da idonsa a gidajen maƙwabta. Filin da aka ba kowane gida, in yana dunƙule yana ciyar da gidan. In aka tsaga shi uku, kowa sai ya tashi da siririyar gonar da jaki in ya kwanta a gicciye wutsiyarsa tana gonar wani. Gidaje da dama sun raba, ba a yi nisa ba wasu suka sayar da nasu suka tafi Kano dako. Ga shi kuma surukin Shitu a Dangora yana ta aiko masa cewa akwai fili yana jiransa. Shitu har ya fara tara azara a bayan ɗakinsa, ta ginin da zai yi can. Duk azarar da ta ƙaru, sai cin tuwon Mainasara ya ragu, ko da yake jikinsa bai taɓa nuna hakan ba.

Mutum ne mai son rediyo. Yana da wata 'yar ƙarama da dukawa suka ɗinka wa rigar fata, yakan rataye ta a reshen kanya in yana noma, yana yi yana ba ta amsa. A shekarar saba'in da bakwai rediyon ba ta da zance sai na daftarin tsarin mulki, wanda za a bi in soja sun mayar da mulki. Ya ji har ya gaji bai kama bakin zaren ba, sai wata ranar kasuwar Bebeji ya tarar an kewaye Malam Rufa'i, malamin yaƙi da jahilci, a gindin ceɗiya yana yi wa mutane bayani. Ya ɗaure jakinsa ya tsaya.

Malam Rufa'i yana cewa, "Gwamnatin hawa uku ce. Ga ta tarayya a Ikko, ga ta jiha a Kano, ga ƙaramar hukuma nan kusa da ku. Kowace an yanka mata nata. Soja, da buga kuɗi, da hulɗa da ƙasashen waje, na tarayya ne, jiha ba ta sa hannu. Akwai abubuwan da duk su biyun suke iya taɓawa, in sun yi karo maganar tarayya ce a sama. Abin da ya rage kuwa na jiha ne, tarayya ba ta da ikon ta zo ta ce mata ga yadda za ki yi."

Mainasara ya yi gyaran murya. "Allah gafarta Malam, ashe gandu da gayauna ne kuka sa wa kwat?"

Aka bushe da dariya. Malam Rufa'i ma ya yi, sannan ya ce, "Ka kusa, Malam Mainasara, amma da sauran kaɗan. A gandu wa ke sama da maigida?"

"Allah."

"To nan, bayan Allah akwai tsarin. Shi kansa shugaban ƙasa a ƙarƙashinsa yake. In ya taka, akwai kotu da za ta ce masa ka taka, kuma ba shi da ikon ya kori alƙalin don ya ji haushi."

"Shi babban?"

"Shi babban. In ba haka ba, me zai sa ƙanana su yarda su zauna?"

Wannan tambayar Mainasara ya hau jaki da ita. An ce har ya wuce ƙofar gidansu bai sani ba, jakin ne ya tsaya don kansa ya ƙi gaba.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tara ƙannensa a zaure, ya sa aka kamo hannun Gwaggo Saude aka zaunar da ita kan buzu. Ya fara bayani daga Ikko. Bai kai Kano ba Shitu ya katse shi.

"Yaya, rediyon nan taka a rage mata batir. Ta fara shiga kanka."

"Bari in ƙarasa, kai. In na gama ka ce ta shiga."

Ya ƙarasa. Da damina su uku a gonar gandu, ba mai uzurin kifi ko na magudana. Da rani kowa da nasa: kifin Alasan na Alasan ne, tumatirin Shitu na Shitu ne, sai ɗan abin da kowa zai kawo na miya. Haraji, da zuwa gaban dagaci, da shiri da Fulani masu zama a gona, da suna, da aure, duk na gandu ne, Mainasara ke riƙe da su. Jaki na kowa ne, amma in gandu yana nemansa gayauna ma tana nemansa, gandu ke tafiya da shi.

"Gayaunata fa?" in ji Shitu. "Za ka ci gaba da zuwa kana gaya mini na cika ruwa?"

"Ba zan zo ba."

"Za ka zo."

"In na zo, ka kawo ƙara."

Daga bayan katanga aka ji muryar Balaraba, matar Mainasara. "Malam, an raba duniya ba mu ji namu ba."

Mainasara ya ce ai su ne ƙaramar hukuma. Kaji, da awaki, da kuɓewar bayan ɗaki, da daddawa, nasu ne, ba namijin da zai kama kazar mace ya yanka wa baƙo sai ya roƙa. Luba, matar Shitu, wadda bakinta ya yi daidai da na mijinta, ta ce ba ta taɓa jin ƙaramar hukumar da ke tuƙa wa babba tuwo ba, amma sun karɓa.

Sai aka zo kan rumbu. Nan Mainasara ya gyara zama. Ya ce ba a buɗe rumbun gandu sai su uku suna tsaye, ranar Juma'a, a fitar wa mata abin dakawa. Ya ɗaga kai yana kallon rufin zaure, kamar mai ƙirga azara, ya ce, "Duk wanda aka samu a ciki shi kaɗai, a bar shi yadda aka same shi, sai sauran sun zo sun gani da idonsu. Sannan ya yi wa kowannensu aiki a gayaunarsa, har mai gayauna ya ce ya isa."

Kowa a zauren ya san da wanda ake. Shitu ma ya sani.

"In kai ne fa, Yaya?"

"Ni? Me zai kai ni?"

"Na ce in kai ne."

"Ko ni ne."

Alasan ya buɗe baki karo na farko, ya tambaya wa zai raba in an yi gardama. Aka dubi Gwaggo. Ba ta da gona, ba ta tsoron kowa, ta kuma goya su duka ukun. Aka yarda tuwonta daga rumbun gandu zai riƙa fitowa, don kada wani ya ce shi ke ciyar da alƙali, kuma ba mai kai mata wani abu a ɓoye. Gwaggo ta ce ta ji, amma goro ba ya cikin wannan magana. Aka bar mata goro. Ba wanda ya rubuta komai, ta sa aka maimaita mata har ya zauna mata a ka, aka shafa fatiha. Da za a tashi Shitu ya ce shi zai gwada ne kawai. In ya ga dokar ta ƙanana ce kaɗai, azararsa tana nan, hanyar Dangora ma ba ta cinye ba.

Aka yi damina lafiya, rumbu ya cika. Shari'o'in da suka zo gaban Gwaggo yawancinsu na jaki ne, kuma yawanci Shitu ake kayarwa, don shi ke sace jakin da asuba ya tafi kai kwanduna. Mainasara ya je gonar tumatir sau ɗaya, ya buɗe baki zai yi maganar ruwa, Shitu ya ce, "Yaya, nan jiha ce." Ya haɗiye maganar ya ce gaisuwa ya zo. Duk da haka azarar ba ta motsa daga bayan ɗaki ba. Shitu kan ce wa Luba doka kamar danga ce, kaza take tsarewa, sa kuwa in ya ga dama ya bi ta kai.

Sai ranar da ake magana. Akwai wani Bafulatani, Idi, wanda ya zauna da shanunsa a gonar gandu duk rani suna zuba taki, bisa alkawarin za a ba shi dawa in zai tashi. Bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare, wata Talata da hantsi ya iso bakin danga ya ce yau za su doshi Doguwa, a ba shi nasa. Alasan yana kan ruwa, Shitu yana bakin magudana.

Mainasara ya ce ya yi haƙuri zuwa yamma, sai ƙannensa sun dawo.

Idi ya dogara sandarsa ya dube shi sama da ƙasa. "Ƙanne? Kai, Kaɗo, ashe ba kai ne maigida ba? Da ka gaya mini tun farko, ai da da autan na yi ciniki."

Mainasara ya yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙori ba. Ya fara yi wa kansa fatawa. Shiri da Fulani ai na gandu ne, shi ke riƙe da shi. Dawar kuma hakkin Idi ce, ba sata ba. In sun dawo zai gaya musu. Bai gama fatawar ba ya ga kansa a saman tsani, ya ture murfin ciyawa, ya zura ƙafafu.

Abin da ya manta shi ne, tun yana saurayi rabonsa da shiga rumbu. Kullum Shitu ke shiga da igiya a ƙugu, shi yana ƙasa yana karɓa yana ba da umarni. Da ya dira, bakin rumbun yana daidai ƙirjinsa, don a kan dammunan yake tsaye. Ya ciccibi dami ya turo waje. Ya ciccibi wani. Aiki ya yi daɗi, har yana 'yar waƙa. Bai lura ba cewa abin da yake jefarwa shi ne abin da yake takawa. Da ya gama ya miƙa hannu zai kama baki, sai ya ga bakin ya koma can sama, ɗan zagayen sararin samaniya kamar faifai. Ya yi tsalle. Rumbu ya girgiza, shi bai tashi ba. Tsani kuwa yana nan lafiya lau a jingine, ta waje.

Awakin ƙaramar hukuma ne suka tona asiri. Suka ga dawa tana saukowa daga sama, suka taru da murna. Luba ta fito korarsu, ta ji rumbu yana kiran sunan Balaraba a hankali. Ta saki muciya ta yi salati.

Kafin a jima mata sun kewaye rumbun. Balaraba ta ɗauko igiyar guga tana neman wanda zai hau. Sai ga Gwaggo Saude tana laluben hanya da sanda, aka kawo mata kujera 'yar tsugunno, ta zauna, ta ɗauko abawarta.

"Wa ke ciki?"

"Ni ne, Gwaggo." Muryar ta fito kamar daga cikin tulu.

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai."

"To, ni tsohuwa ce, mantuwa ta yi mini yawa. Tuna mini abin da aka ce a zaure a kan wanda aka samu shi kaɗai."

Can rumbu ya ce ai wannan ta bambanta, harkar waje ce, hakkin Idi ne.

"Hakkin Idi ba wanda ya musa. Buɗe rumbu nake tambaya. Wa ya ce a bar shi yadda aka same shi?"

"Ni na ce."

"Da wa kake lokacin da ka ce?"

Gwaggo ta ce wa Balaraba ta mayar da igiya rijiya. Balaraba ta ce haba Gwaggo, mutum da girmansa, a wannan zafin. Gwaggo ta ce ba ta hana a ba shi ruwa ba, doka ba ta ambaci ruwa ba. Aka ɗaura ƙwaryar fura da buta a zare aka zura masa.

Idi yana bayan danga yana jin komai. Abin da ya fara da wasa ya ga ya zama magana. Da mata suka koma inuwa, ya hau wani kututture, ya kwance igiyar da yake ɗaure maruƙa, ya wurga bakinta cikin rumbun, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin bishiya.

"Kama ka fito, aboki," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Ni na zuga ka. Mu mayar da dawar, tsohuwa ba ta gani, in sun dawo ka ce mata sun yi mafarki."

Igiyar ta daɗe a ciki. Luba tana ƙofar ɗakinta tana tankaɗe, idonta yana kan bakin rumbu, ta ce ta ga igiyar ta miƙe tsam kamar an ɗora mata nauyi, ta zauna haka ɗan lokaci, sannan ta saki. Jim kaɗan sai ga ta ta fito a dunƙule ta faɗo bayan danga.

"Na gode, Idi. Kai shanunka inuwa. Sai sun dawo."

Mazarin Gwaggo dai ya ci gaba da juyawa.

Da aka kira azahar ya yi taimama da bangon rumbu, don kada ruwan alwala ya jiƙa dawa. Gabas ta ɓace masa, ya roƙi Balaraba ta ƙwanƙwasa masa ta waje daga wajen alƙibla. Ta ƙwanƙwasa, tana yi tana share hawaye tana kuma danne dariya, ita kanta ba ta san wanne ya fi ƙarfi ba.

Alasan ya fara dawowa da kifi a kafaɗa. Aka gaya masa, ya dubi rumbu, ya dubi Gwaggo, ya ce, "To," ya zauna yana gyaran koma. Bayan la'asar sai ga Shitu da taɓo har gwiwa. Ya ga dammuna a ƙasa, ya ga murfi a ture. Fuskarsa ta canja, ya fara cewa dama ya faɗa, dama ya san ranar nan za ta zo, ina Yayan yake, ya tafi raka Bafulatanin ko?

Luba ta nuna masa rumbu da haɓa.

Ya hau tsani ya leƙa. Can ƙasa ga wansa zaune a kan ragowar dawa, ya tuɓe riga, ƙaiƙayi ya manne masa ko'ina, gumi yana bin gemunsa.

"Yaya, sannu da hutawa."

"Yawwa, sannu da aiki. Ya ruwa?"

"Ruwa ya samu. Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Gidan nan ba igiya ne?"

Luba ce ta amsa daga ƙasa. Ta gaya masa igiyar guga da Gwaggo ta hana, ta gaya masa ta Idi da aka wurgo aka mayar. Shitu ya sake leƙa wansa a can ƙasa. Sannan ya sauko, ya je rijiya da kansa ya kwance igiya, ya kira Alasan. Fitar da Mainasara ta fi shigarsa wuya. Su biyu suna ja, Idi ya tsallako danga ya kama, mata suna ta "a hankali, a hankali," har ya ɓullo kamar an ciro doya.

Gwaggo ta yanke hukunci tun bai gama karkaɗe jikinsa ba. Dawar Idi halal ce, su uku su miƙa masa yanzu da hannunsu. Buɗe rumbu kuwa laifi ne, babban wa zai yi aikin da aka ce. Mainasara ya ce ya ji ya karɓa.

Alasan ya sa shi hura wutar bandar kifi na yini guda, ya ce ya isa. Shitu bai yi wannan saurin ba. Mutanen Sabuwar Ɗinya sun sha kallo: ga Mainasara da kwandon tumatir a ka daga fangali zuwa bakin titi, ga autansu a gaba yana cewa, "Yaya, a kula da na ƙasan, kada su fashe." Wasu dattawa suka sami Mainasara suka ce wannan zubar da girma ne, uban wa ya taɓa yi. Ya ce musu ai shi ba uba ba ne, wa ne, ya gyara gammo ya wuce. Ana cikin haka wata safiya Shitu ya karɓi kwandon daga kansa, ya ce ya isa, ya ɗora a nasa kan.

Bai taɓa cewa ya fasa zuwa Dangora ba, ba halinsa ba ne. Amma kafin ruwan farko ya sauka, azarar nan ta bar bayan ɗaki. Da ita aka sake rufin ɗakin Gwaggo, wanda ya daɗe yana yoyo. Guntayen da suka rage Shitu ya sassaƙa ya haɗa ɗan gajeren tsani, ya zura shi cikin rumbu ya bar shi can. Ya ce na tsofaffi ne.

Bana da aka yi ta fita zaɓe mako bayan mako, mutane suka rikice da yawan akwatuna, wannan na majalisa, wannan na gwamna, wannan na shugaban ƙasa. Da yawansu wurin Mainasara suka riƙa zuwa ya warware musu, shi kuwa ya zauna ya yi musu da gandu da gayauna da kajin mata, su tashi sun gane. Bai nemi ko kansila ba. Yana nan yana noman dawarsa, rediyo a reshen kanya, gonar gidan Malam Inuwa tana nan a dunƙule, Juma'a ta yi su uku su tsaya a gindin rumbu.

Tsokana dai ba ta ƙare ba, kuma ba alamar za ta ƙare. Kwanan baya a majalisar ƙofar masallaci, ɗaya daga cikin dattawan nan da suka yi masa maganar girma, wanda 'ya'yan gidansu suka watse tun shekarar tashi, ya dube shi ya ce, "Na rumbu, wai don Allah ka gaya mana gaskiya. Ga igiya a hannunka, me ya zaunar da kai?"

Mainasara ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi.

"Da na fito da hantsi, da Shitu ya fita da yamma. Na ga gara ni in yini a ciki." Ya tauna goronsa, ya ƙara da cewa, "Da-na-sanina ɗaya ne, ban shiga da mafici ba."